Allon da Ya Yi Ɗingishi a Kasuwar Babura

Mun tashi daga Roni da asuba, liman bai jima da sallamewa ba, mu uku: ni, da Kawuna, da kwamfutata. Da gangan na sa ta a lissafin matafiya, domin kamar yadda za ku gani nan gaba, har kuɗin kujera aka biya mata.

Bari in fara da abin da ya fitar da mu. A shekarar da na yi ina bautar ƙasa, na riƙa ƙuntata wa cikina ina tara ɗan alawus, har na harhaɗa kwamfuta da hannuna, ɓangare bayan ɓangare. Mafi tsada a cikinta shi ne katin sarrafa hoto, wato abin da yake zana duk motsin da ake gani a wasan kwamfuta. Ba na jin nauyin faɗin cewa don wasa na saye shi. Wanda ya sha wahalar karatu yana da haƙƙin ya buga ƙwallo ba tare da ya karya ƙafa ba. Sai dai kati ba ya nuna aikinsa sai da allo, wanda 'yan kasuwa suke kira monita. Tsohon allon da na gada a wurin yayana yana da waya mai shuɗin kai da kusoshi biyu, katin nawa kuwa ba shi da ramin da za ta shiga. Wata uku ke nan kwamfutar tana zaune a ɗakina, in na kunna ta sai ta yi ta hura iska, babu fuskar da za ta nuna mini komai. Abin da ya rage a hannuna kuma na allo ɗaya ne tak. In na yi kuskure, babu na biyu.

Na san abin da nake nema, har na rubuta a takarda. Katin nawa yana iya zana hoto fiye da ɗari da arba'in a cikin daƙiƙa ɗaya, muddin ba a ɗora masa allon da ya fi ƙarfinsa ba. Don haka matsakaicin allo nake so, inci ashirin da huɗu, mai saurin sauya hoto daidai da saurin katin, mai ramin waya irin nasa. Wani abokin karatuna ne ya shaida mini cewa akwai mai shago a Babura da yake samo irin waɗannan kaya na hannu daga tsallaken iyaka, da sauƙin farashi.

Da na sanar da mahaifiyata, ba ta hana ni ba, amma ta gindaya sharaɗi. Ta ce wanda ya taɓa sayen tumatir a kan farashin farko da aka faɗa masa, har ya yi godiya, bai kamata a bar shi ya shiga kasuwar Babura shi kaɗai ba. Ta aika wa yayanta a Gwiwa, dillalin shanu ne tun kafin a haife ni, kuma dama ba ya fashin wannan kasuwa. Ya iso Roni da yammacin jajibirin tafiyar, ya dubi kwamfutar, ya ɗaga ta ya jijjiga, ya ce ba ta da nauyin kuɗinta. A gidanmu ba a mayar wa Kawu magana, ko da a kan ilimin da ka kwashe shekaru kana nema ne.

Daga Roni zuwa Kazaure babura biyu muka hau. Na naɗe kwamfutar a bargo, na rufa mata leda saboda farkon damina ne, sararin sama ba shi da tabbas, na rungume ta a cinya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar a ƙirjina aka haƙa shi. Gero ya fara leƙowa a gonakin da suka yi sammakon shuka, iska tana da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa kwana biyu da suka wuce. Gari ya gama wayewa muna hango duwatsun Kazaure.

A bakin tasha muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan yana da kyau, sai dai ya ƙara ƙanƙancewa tun zuwana na ƙarshe. Nan gaba kaɗan ina jin sai an sa tabarau kafin a gan shi. Na ciri kuɗina a wurin mai na'urar cirar kuɗi, Kawu ya miƙo hannu ya karɓe su ya cusa a aljihun 'yar cikinsa, ya ja babbar riga a kai. Daga nan ya ba ni darasin ciniki na farko, yana kaɗa shayinsa.

“Ɗan nan, in mun shiga, abin da kake so kada ka kalle shi. Ka kalli wani abu daban, ka yabe shi. Mai kaya idonka yake saya kafin ka sayi kayansa.”

Na fiddo takarda na rubuta. Ya dube ni ya girgiza kai.

A wajen shiga motar Babura aka yi ɗan taƙaddama. Ɗan kamasho ya dage sai a sa kwamfutar a but, tsakanin buhunan taki da wata akuya da take kallon bargona da kwaɗayi. Na yi masa bayani dalla-dalla a kan illar girgiza da ƙura ga na'ura. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce tunda mai daraja ce haka, sai ta biya kamar kowa. Kawu ya sa baki aka tsaya a rabin kujera. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ɗaga gefen bargon, ta tambaya ko ƙaramin firji ne, ta ce in haka ne in ajiye mata man shanunta.

Hanyar tana da daɗi a wasu wurare, a wasu kuma sai direba ya sauka gefe ya bi ta inda amalanke suka fitar. Ko'ina manoma sun fito da shanun huɗa. Kafin mu kai Kanya Babba, Kawu ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wata gona. Wani manomi ne yake fama da garma: sa ɗaya ƙato, jibgege, yana tafiya kamar an tashe shi daga barci, ɗayan matsakaici, mai zafin nama, yana ta fizgar karkiya. Layin huɗar ya karkace kamar sawun maciji.

“Ka gani?” in ji Kawu. “An yaudare shi da girma. Shanun huɗa ba girma ake dubawa ba, tafiya ake haɗawa. In ɗaya ya fi ɗaya sauri, kai ne za ka sha wuya a baya.”

Na so in ce masa wannan ita ce ainihin matsalar kati da allo, amma ya riga ya juya yana cinikin fura ta taga, domin mun tsaya a Kanya Babba. Furar wurin ta cancanci a ambace ta: mai laushi, da yaji daidai, nonon kuma ba a yi masa wanka da ruwa ba.

Mun shiga Babura da hantsi, kasuwa ta fara cika. Ga buhunan hatsi an jera kamar katanga, ga masu canji zaune a inuwa da damman naira da sefa, ana ta gaisawa da mutanen tsallake waɗanda Hausarsu take da wani ɗanɗano da nake son saurare. Kawu bai yarda mun nufi shagon kai tsaye ba, sai da muka ratsa kara, wato wajen cinikin dabbobi, inda kowa yake kiransa da sunan girmamawa. A nan wani ya nuna masa wata saniya da take kwance tana tuƙa, ya ce ta yi arha. Kawu ya zungure ta da sanda har ta miƙe, ya sa aka ja ta gaba da baya, ya zuba wa ƙafafunta ido. Sai ga ta tana ɗan ɗaga ƙafar baya. Ya juyo gare ni.

“Darasi na biyu. Ba a sayen dabba a kwance. Ko ni na kawo maka, ka ce in tashe ta.”

Wannan ma na rubuta.

Shagon yana wani lungu bayan masu sayar da rediyo. Ƙunci gare shi, cike da dutsen guga da fanka da tarin wayoyi, mai shi kuma wani Alhaji ne mai fara'a da carbi a hannu. Ina shiga na hango abin da na zo nema a can ƙasa, a jingine bayan wata fanka: ɗan allo baƙi, siriri, ƙura ta rufe shi. Na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na karanta takardar da ke manne a bayansa. Komai ya yi daidai da abin da na rubuta. Na so in ɗauko shi, amma na tuna darasi na farko. Na miƙe, na juya masa baya, na nufi wani ƙaton allo da ya cika rabin bango, irin waɗanda ake cirowa daga tsofaffin otal-otal. Na shafa shi. Na ce ma sha Allahu. Na yaba faɗinsa, na yaba ƙafarsa, na ja da baya na sake kallonsa ina gyaɗa kai. Ina ji a raina cewa Kawu yana alfahari da ni.

Babu wuta a layin, don haka na nemi izini na fita neman inda za mu kunna kwamfutar. Shago na huɗu daga nan akwai mai cajin waya da janareta. Sai da na yi masa bayanin yawan wutar da na'urar take ja, shi kuma ya yi mini bayanin tsadar fetur, kafin muka daidaita ya ba ni doguwar waya. Ban fi minti ashirin ba.

Da na dawo, na tarar da hannun Kawu a cikin na Alhaji, mutum uku suna tsaye a matsayin shaidu, ana shafa addu'a. An sauko da ƙaton allon daga bango.

“Zo ka yi godiya, Malam mai digiri,” in ji Kawu. “Na ce kada ka nuna abin da kake so, ka je kana shafa shi kamar ragon layya. Da ban yi sauri ba da ya ninka maka kuɗi. Na saya, ya sallama. Ɗaga ka ji nauyi. Wannan shi ne kaya.”

Na bi darasin Kawu sau da ƙafa, har na yaudari Kawu da kansa. Wanda bai san mutanenmu ba zai ce ai sai in yi bayani a fasa. Amma dillali ba shi da jari sai bakinsa. In Kawu ya ce ya saya a gaban shaidu, sannan ɗan ƙanwarsa ya ce ba haka ba, kafin la'asar labarin ya kai kara, gobe kuma babu mai ɗaukar “na saya” ɗinsa da nauyi. In kuma na yi shiru, abin da ya rage na tarin shekara guda ya tafi a kan allon da na leƙa bayansa na ga bai iya sauya hoto fiye da sau talatin a daƙiƙa a cikakken faɗinsa, ga ɗigogin hoto masu yawan da za su sa katina ya yi ta haki.

Na durƙusa na yi godiya, kamar yadda ya kamata. Ina durƙushe na ce, da murya ƙasa-ƙasa, “Allah ya ƙara girma, Kawu. Tambaya ce da ni, ta ɗalibi. Da kuka saye shi, a tsaye yake ko a kwance?”

Ya dube ni. Ya dubi allon, baƙi ƙirin, ba a taɓa kunna shi a gabansa ba. Na ga gemunsa ya motsa.

“Alhaji,” ya ce, “a tashe shi mu ga tafiyarsa.”

Na kwance bargo, na haɗa wayoyi, na kunna wasan ƙwallon ƙafa. Kafin 'yan wasa su gama fitowa fili, bakin shagon ya cika: masu rediyo, da wasu Fulani biyu da sandunansu a kafaɗa, da wani mutumin tsallake mai rawani wanda ya ajiye buhunsa ya zauna a kai. Hoton ya fito ƙato, kore shar, jama'a suka yi salati. Kawu ya fara murmushi. Sai na ba ɗan wasa ƙwallo na sa shi gudu.

Kawu ba ya kallon ƙwallo. Ƙafafu yake kallo, sana'arsa ke nan. Ya tsuguna, ya matso har hularsa tana taɓa gilashin. Ɗan wasan yana gudu yana sarƙewa, kamar ana fizgo shi da igiya. In na juya shi hagu sai ya yi ɗan tunani kafin ya juya.

“Wannan yaron ɗingishi yake,” in ji Kawu.

“Haba dattijo,” in ji mai shago, “allo yana da ƙafa ne?”

Na jawo ɗan allon nan daga bayan fanka, na goge shi da gefen bargo, na mayar da waya jikinsa. Ɗan wasan dai shi ne, filin shi ne. Ya ɗauki ƙwallo ya zura kamar ruwa a gangare. Ɗaya daga cikin Fulanin ya ce, “Ya warke!”

Kawu ya miƙe ya gyara riga, ya shiga shari'a. Ya ce a ƙa'idar kara, dabbar da aka ga aibinta kafin a fita da ita kasuwa tana komawa ga mai ita. Alhaji ya ce shi bai sayar da aibi ba, kayansa lafiyayye ne, kuma ba a taɓa yi masa irin wannan ƙazafi ba. Murya ta fara tashi. Sai wani tsoho mai gyaran rediyo ya ce a tambayi mai ilimin abin. Duk ido ya dawo kaina.

Na san amsar da Kawu yake so. Amma ba zan iya faɗin abin da ba daidai ba, ko a kan na'ura ne. Na ce, “Gaskiya babban allon ba shi da aibi. In labarai za a kalla, ko wa'azi, ko kokawa, zai yi shekaru yana aiki, mutum hamsin su gani daga nesa. Tafiyarsa ce kawai ba ta zo ɗaya da ta katina ba. Irin shanun nan ne na hanyar Kanya Babba.”

Kawu ya taka mini ƙafa, takawa ta gaske. Alhaji ya washe baki ya ce a shaida, yaro ya wanke shi. Na ɗauka shi ke nan, na kashe kaina da bakina.

Ashe kalmar kokawa ta faɗa kunnen mutumin tsallaken nan. Ya taso daga kan buhunsa ya ce yana da rumfar shayi a garinsu, kuma lokacin gasar kokawa mutane har kan katanga suke hawa don su leƙa 'yar talabijin ɗinsa. Ya tambaya ko da gaske mutum hamsin za su gani. Kafin in buɗe baki, na ga Kawu ya sauya kamar an kunna shi. Ya saki ƙafata, ya dafa allon da hannu ɗaya kamar tozon bijimi.

“Hamsin? Yaron nan kunya gare shi. Ɗaga ka ji nauyi. Kuma nawa ne, yanzun nan na saya, ga shaidu. Taya.”

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a aji ba. An yi albarka ta fi sau goma, an kira mai canji ya juya sefa zuwa naira, mutumin ya yi kamar zai tafi har sau biyu Kawu yana riƙo gefen rigarsa. A ƙarshe aka tafa. Kawu ya biya Alhaji kuɗin babban allo cif, kamar yadda ya yi alkawari, maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Sannan ya juya ya dubi ɗan allon nawa a wulaƙance, ya ce wannan ɗan maraƙin da ƙura ta cinye nawa za a rabu da shi. Ya saye shi ƙasa da abin da na tanada, ya sa aka haɗa da waya kyauta. 'Yar ribar da ta fito tsakanin ciniki biyun kuwa ya ce la'adarsa ce, ya saya mana tsire da gurasa da ita, ya ci kashi biyu cikin uku.

Mun juyo bayan la'asar. A wannan karon ma kujera ɗaya da rabi aka biya mini, ga kwamfuta a cinya, ga allo a ƙirji. Hadari ya taso muna tsakanin Kazaure da Roni, amma bai zuba ba sai da muka shiga soro. Mahaifiyata ta tambayi yadda aka yi. Kawu ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafa, ya ce, “Ki gode wa Allah da kika kira ni. Da shi kaɗai ya je, gurgu zai sayo.” Ta dube ni. Na ce haka ne.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Ga mai neman allo: kada girma ya ruɗe ka, ka san saurin katinka da ramin wayarsa, ka nemi wanda tafiyarsu ta zo ɗaya, kuma ka ɗauki na'urarka ka je da ita ko da za a caje ta kuɗin kujera. Ga mai tafiya da dattijo: in ya koya maka dabarar ɓoye abin da kake so, ka faɗa masa abin da kake so tukuna. Na kuma gane cewa abin da na karanta a shafuka masu yawa, Kawu ya san shi tun da daɗewa, a bayan garma. Sunayen ne kawai suka bambanta.

Washegari da safe, babur ɗin da zai mayar da shi Gwiwa yana jira a ƙofar gida, sai ya leƙo ɗakina ya ce in tayar masa da yaron nan na jiya ya ƙara gani. Na kunna, na sa ɗan wasan ya ruga daga wannan raga zuwa waccan. Kawu ya tsuguna ya bi ƙafafunsa da ido har ya tsaya. Sannan ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ya ce, “Ka riƙa ba shi hutu. In kuma ka tashi rabuwa da shi, kada ka kai wa kowa. Ni zan sayar maka.”